Ni Na Riƙe Igiyar Rabon Gonar

Mijin uwata ya raba gonarsa yana raye, ya ba 'ya'yan cikinsa, ni ko taku ɗaya bai ba ni ba. Kuma ni ya sa na riƙe igiyar awo.

Agola ne ni. Daga yaye aka shigo da ni gidansa, a wani ƙauye bayan Kiru, ban san wani uba ba sai shi. Ɗan gwagwarmaya ne a lokacin. Ranar kasuwa sai ya hau benci a Kwanar Dangora yana faɗa wa jama'a cewa ƙasa ta mai nomanta ce, talaka ba shi da bare a cikin talakawa. Ni ke ɗaukar masa lasifika. Don haka ya cire ni daga firamare, nasa 'ya'yan suka zarce. Da 'yan adawa suka tare mu a hanyar Yako, ni na shiga gabansa. Gorar da aka kai masa a kafaɗata ta sauka, har yau hannun ba ya ɗaguwa sosai.

Kowace damina ina cikin gandunsa. In na ce ya yanka mini gayauna in noma don kaina, sai ya yi dariya ya ce, "Kai ma jari-hujjar za ka fara? Ai duka naka ne."

Da tsufa ya kama shi, ya kira 'ya'yansa daga birni, ya kira mai unguwa, ya ce in kama bakin igiya. Muna ja, ana dasa gamba a iyakar kowa. Ina jiran a kira ni har muka fita bakin hanya. Mai unguwa ya ce wai agola ba shi da gado. Na sani. Amma wannan ba gado ba ne, kyauta ce, mai ita ga shi zaune a inuwar ɗorawa.

Ina zan je? Inna na gidansa, ɓarin jikinta ya shanye, kuma daga gonar nan take ci.

Na naɗe igiyar, na ajiye a gabansa, na durƙusa kamar kullum. Na ce, "Baba, gobe zan fito noma, saboda Inna. Amma kada ka ƙara ce mini ɗana. Ka ce mini ɗan ƙwadago. Masu kuɗin da ka tsufa kana zagi, su ko ba komai in yamma ta yi suna sallamar nasu."