Shekarar da Na Nema wa Baba Hutu a Laburare

Ina shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin lafiya a Ƙanƙara aka ce kowa ya kawo batun da zai yi binciken kammala karatu a kai. Ƙawayena suka ɗauki zazzaɓin cizon sauro da rigakafin yara. Ni na rubuta: hanyoyin rage gajiya da damuwa ga masu jinyar 'yan'uwansu a gida. Malamin da zai duba aikin ya karanta, ya ɗago ya dube ni.

"Akwai wanda kike jinya ne?"

Na ce, "A'a Malam, mahaifina ne ke yi."

A lokacin, shekara biyu ke nan da Inna ta faɗi a bakin murhu a gidanmu na Ruwan Godiya. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, maganarta ta koma sai wanda ya saba da ita ke ganewa. Mu uku ta haifa. Yaya na aure a wani ƙauye can bayan Sabuwa, wana ya tafi kudu neman abinci, sai ni auta. Matan danginmu da a da su za su karɓi jinya, tun da 'yan bindiga suka matsa wa yankin suka watse, wasu Funtuwa, wasu Zariya. Sai jinya ta faɗa kan Baba. Mutumin da bai taɓa hura wuta ba ya koyi dama kunu. Shi ke juya ta, shi ke cicciɓarta zuwa bayan gida, shi ke wanke zannuwanta ya shanya a bayan rumbu inda mai shigowa ba zai gani ba. Da na ce zan bar makaranta na dawo, kwana biyu bai amsa gaisuwata ba.

Laburarenmu yana da wani ɗaki mai kwamfutoci. Dattijon da ke kula da shi ya nuna mini yadda ake shiga rumbunan da ake tara rubuce-rubucen masu bincike na duniya. Ya ce kada in rubuta doguwar jimla, in sa kalmomin Turanci biyu ko uku, in haɗa su, in kuma zaɓi na shekarun baya-bayan nan. Ranar farko abin da ya fito ya fi ƙarfin idona. Na yi murna ƙwarai. Ashe abin da ke cin Baba yana da suna, har akwai masu digiri da suka ƙare rayuwarsu a kansa. Na ce a raina in dai akwai magani, a nan yake.

Wata biyu ina zuwa duk ranar da aka sami wuta kuma intanet ta yarda. Ina karantawa da ƙamus a gefe, ina kwafa a littafi. A hankali na gane shawarwarin kusan iri ɗaya ne. A samo wanda zai karɓi mai jinya na 'yan kwanaki ya huta. A haɗa shi da masu irin lalurarsa su riƙa zama suna sauke abin da ke ransu. A tura ma'aikaciyar lafiya gida. Ya riƙa motsa jiki, ya koyi jan numfashi a hankali. Da na ƙara sunan ƙasarmu a wurin nema, dogon jerin ya tsuke. Da na ƙara ƙauye, sai 'yan kaɗan, su ma a asibitocin birni aka yi su. Na tambayi dattijon ko ni ce ban iya nema ba. Ya gwada da kansa, ya sake gwadawa, ya ce, "Kin iya. Abin da ba a rubuta ba ne babu."

Duk da haka da aka ba mu hutu na tafi gida da littafina.

Na fara da batun hutu. Na yi ta kiran Yaya har mijinta ya yarda ta zo ta yi mako biyu. Ta zo a bayan babur, ta hanyar da ba a bi sai da rana tsaka. Baba bai huta ba. Inna ta ƙi karɓar kunu daga hannun Yaya, ta kawar da kai tana neman shi da ido, shi kuma ya kasa zama a zaure, bini-bini ya leƙo. Kwana na huɗu aka aiko cewa an shiga ƙauyen da ke kusa da nasu, 'ya'yanta suna can. Ta ɗaura ɗankwali tana kuka, ta hau babur ta koma.

Na yi wa Baba maganar zama da masu jinya irinsa. Yana gyara ƙotar fartanya, bai ko ɗago ba.

"In zamna da su wa, Auta? In ce masu mi? In kwashe asirin uwarki in kai dandali?"

Batun motsa jiki ban ma iya furtawa ba. Mutumin da ke ɗebo ruwa jarka biyu kafin rana ta yi zafi, ya tafi gona ya dawo sau uku don ya juya mara lafiya, wane motsi zan ƙara masa? Jan numfashin kawai ya yarda ya gwada, don ya faranta mini. Ya rufe ido ya ja sau biyu, Inna ta yi tari daga ɗaki, ya miƙe.

Akwai jerin tambayoyi da na samo a ɗaya daga cikin takardun, waɗanda ake auna nauyin da ke kan mai jinya da su. Na mayar da su Hausa. Wata rana bayan la'asar muna zaune a inuwar dalbejiyar ƙofar gida na fara karanta masa. Ko yana jin gajiya? Alhamdulillahi. Ko lafiyarsa ta ragu? Alhamdulillahi. Ko yana jin ba shi da lokacin kansa? Ya yi dariya ya ce lokaci na Allah ne. Ban san gurbin da zan sa wa waɗannan amsoshi alama ba. Sai na zo kan wadda ke tambayar ko yana tsoron abin da gaba za ta zo da shi.

Ya kalli hanya.

"Wanga kam rubuta i," in ji shi. "Ba mutuwatta nike tsoro ba. In aka shigo garin nan, kowa zai ruga daji. Ni ba ni iya gudu da ita, ba ni kuma iya barin ta. Kullum sai na auna nisan da ke tsakanin ɗakinta da gonar dawa. A da ina kai ta a goye ban tsaya ba. Bana na gwada da buhun masara, sau biyu na aje."

Na riƙe biro ban rubuta komai ba. A duk abin da na karanta babu inda aka yi maganar wannan.

Kafin in koma na auna jininsa da abin awon da na aro. Ya hau sosai. Na sayo masa magani a Faskari, na nuna masa yadda zai sha. Ya ce to. Daga baya na iske fiye da rabin ƙwayoyin a cikin aljihun rigarsa ta Juma'a.

Na rubuta aikina, babi biyar. A babin ƙarshe na jera shawarwari ga hukuma da al'umma, irin waɗanda na san ba wanda zai karanta. Malamin ya yaba, ya ce an daɗe ba a kawo masa aiki mai tsari haka ba. Aka yi wa aikin bango mai kauri aka ajiye shi a kan kantar laburare.

Da kaka, ana cikin yankan dawa, Baba ya dawo daga rijiya da hantsi, ya sauke jarka a tsakar gida, ya zauna ya jingina da bango. Maƙwabciyarmu ce ta shigo aron turmi ta same shi a haka, ya riga ya cika. Ta ce Inna na ta kira daga ɗaki, da irin kiran da take iyawa.

Bayan sadakar bakwai aka zauna a kan wanda zai riƙe Inna. Yaya ta sunkuyar da kai. Wana ya ce zai riƙa aiko da abin da ya samu. Ba wanda ya dube ni, ba wanda kuma ya ambaci wani. An kira ni aiki a wani ƙaramin asibiti a Sheme, ban je ba.

Yanzu shekara uku ke nan. Inna ta yi wata guda kafin ta yarda ta karɓi kunu daga hannuna. Tana da nauyi fiye da yadda na zata, bayana ya fara ciwo tun damina ta farko. Da safe in na shiga juya ta, takan kalli bayana, wajen ƙofa, ta jima tana kallo, sannan ta ba ni hannunta mai lafiya in ɗaga ta.