Ranar da Talabijin Ta Kunna Kanta

A Gaya ba a hana maƙwabci ɗiban wuta, haka muka taso muka tarar. Shi ya sa da maigidana, wanda ke aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma, ya kawo na'urar waifai da sabuwar talabijin mai shiga intanet, ban ga abin ɓoyo a lambar sirrin ba. Maƙwabciyata ta aiko, na ba ta. Ɗanta ya ba abokinsa, abokin ya ba mai shayin bakin layi. Kafin wata ya zagayo dakalin ƙofar gidanmu ya cika da samari, kowa ya duƙufa a kan waya. Ni kuwa, uwar son a yaba, har wani daɗi nake ji ana cewa gidanmu ba rowa.

Talabijin ɗin tana da wani ɗan ido a samanta, da shi 'yarmu mai aure a Kano take ganinmu idan ta kira.

Wata rana maigida ya tafi Ajingi ta'aziyya. Zafi ya ishe ni, na kulle ƙofa na zauna a falo da ɗaurin ƙirji, kai ba ɗankwali, ina tsefe kitso. Sai kawai talabijin ta kunna kanta. Ga rimot can kan kujera, ban ko taɓa shi ba. Murya ta hau, ta sauka, ta sake hawa. Sannan hoto ya cika fuskarta: ƙofar gidanmu ce, an ɗauko ta daga kan dakali. Daga waje na jiyo an tuntsire da dariya.

Na fizgo sallaya na rufa, na rarrafa ta jikin bango na zare wayar wuta. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Tun da na yi aure babu baƙon namijin da ya ga gashin kaina.

Washegari ƙanwar maigida, wadda ke karatun kwamfuta, ta zo gaishe ni. Na ja ta ɗaki.

"Don Allah ki gaya min gaskiya, sun gan ni?"

"Yaya, duk wanda ke kan waifai ɗinku zai iya tura mata hoto, ya juya ta yadda ya ga dama. Wannan kam ba shakka."

"Ba shi na tambaye ki ba. Idon nan na sama fa?"

Ta ce, "Da wuya dai. Amma ba zan rantse miki ba."

Ta sauya lambar, ta liƙe idon da baƙin salatif. Maƙwabciyata ta daina shigowa, aka ce min tana cewa mun yi arziki mun koyi rowa. Na haɗiye, don ba ni da bakin faɗa mata dalili. Shi kansa maigida ce masa na yi yara sun yi wasa da talabijin, ban kai ga zancen ɗaurin ƙirji ba.

Samarin sun koma dakalin wani gida, ta nan nake wucewa in zan fita unguwa. Da sun hango ni sai su russuna.

"Barka da fitowa, Hajiya."

Yawancinsu na ci tuwon sunansu, wasu ma na goya su. Ina amsawa ina ƙara jan hijabi, ina kallon wayoyin da ke hannunsu, ban san a cikin wacce nake ba.