Ranar da Cokulan Ozella Suka Sake Kaɗawa

A unguwar Sunnyside ta Houston ba mai kiran Alphonse Guidry da sunansa, Mai Hanci ake ce masa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana ɗaura wa motoci wufa, manyan lasifikun nan na cikin but masu gurnani, har kunnensa na hagu ya gaji ya ajiye aiki. Ko a jikinsa. In ka kawo masa mota, but zai buɗe ya zura kai ya shinshina, kafin ka gama kame-kame ya gaya maka abin da ka ƙona.

Garejinsa a bayan gida yake, ɗaki ɗaya da fanka da tukunyar kofi. Bai yi arziki ba, kuma bakinsa ne ya ja masa. Mutum zai zo yana ɗoki, shi sai amfilifaya, na'urar ƙara wa sauti ƙarfi, mai wat dubu uku, Alphonse ya dubi kwalin ya ce wannan babbar lambar ta burga ce. A duba ƙaramar da ke ƙasa, ƙarfin da wufa ke iya ɗauka tun safe har yamma, a nemo mata amfilifaya daidai ita. Wasu su yi fushi su tafi wani shago, bayan wata biyu su dawo but na ƙauri. Ya tarbe su da fara'a, ya zuba musu kofi, sannan ya yi musu gori son ransa. Rayuwar ta yi masa, ba ya neman ƙari.

Wata Talata Ozella Prejean ta shigo da tsohuwar motar mijinta Cleon, aminin Alphonse, wanda ya rasu bara. Shi da Cleon suka ƙera akwatin da ke but ɗin tun suna da gashi a ka, suka sa masa wufa biyu na wani kamfani da ya daɗe da rufewa. Alphonse ya buɗe, ya shaƙa sau ɗaya. Ɗaya ta ƙone ƙurmus. Ɗaya ce ta rage, kuma babu inda za a samo irinta.

Ozella ta ce amfilifayar Cleon ce ta mutu, ita kuma don tausayin tsofaffin lasifikun ta sa surukinta ya ɗaura mata 'yar ƙarama. Da ta ji gurnanin bai kai yadda ta saba ba, sai ta riƙa murɗa rediyo har ƙarshe.

"Yaya Ozella, ke da kika shekara ashirin kina cewa Cleon zai rushe miki gida da ƙara?"

"Mai Hanci, gyara na kawo ko shari'a?" Ta juya makulli a hannu. "In ya shawo kwanar layinmu, cokulan cikin durowa sai su fara kaɗawa, in san lokacin ɗora shinkafa ya yi. Shekara guda ke nan cokulan nan shiru."

Nan take ya bar tsokanar. Ya yi mata bayani a hankali, cewa tausayin nan nata shi ya yi kisan. Ƙaramar amfilifaya in aka matsa mata fiye da ƙarfinta, gurɓatacciyar wuta take turawa, ita ke dafa wayar cikin wufa. Wadda ta rage wat ɗari huɗu take so, ba ɗarin da aka ɗaura mata ba. Ozella ta harare shi ta ce ƙarama ta ci ɗaya, babba kuwa ai toka za ta bar mata. Ya ce ta bar masa motar zuwa Asabar. A gabanta ya cika baki, amma gaskiya tsoro yake ji. Wufar ta haura shekara ashirin da biyar, in ta ƙone a hannunsa ba shi da idon kallon matar nan.

Kwana uku ya yi a kanta, abin da yakan gama a wuni. Ya sauya wayoyi, ya toshe gurbin wadda ta mutu, ya ɗaura amfilifaya mai ɗari huɗu cif. Sannan ya ɗora tafin hannu a kan akwatin, hanci kusa da wufa, yana ƙara ƙarfi kaɗan-kaɗan. Inda ya ji gurnanin na shirin shaƙewa, ya ja baya. Ya aro jan farcen matarsa ya ɗiga a jikin maɓallin rediyo, iyakar da ba a wucewa.

Ran Asabar bai ce ta zo ba. Ƙarfe biyar, lokacin da Cleon kan taso daga aiki a tashar jiragen ruwa, ya shiga motar, ya sa waƙar da mutumin ke so, ya murɗa zuwa jan ɗigon, ya shawo kwanar layin Ozella a hankali. Ya tsaya a ƙofar gidan. Ba wanda ya fito. Ya juya baya yana shaƙar iska, babu ƙauri.

Can ƙofa ta buɗe. Ozella ce, ludayi a hannu, ido jajir.

"Kashe abin nan, za ka rushe min gida," in ji ta.

Ya kashe. Ta goge fuska da bayan hannu, ta dubi ludayin kamar yanzu ta gan shi.

"Shigo ka ci, Mai Hanci. Na ɗora shinkafar mutum biyu ban ma sani ba."