Avoka Bai San Wa Ke Gabanshi Ba

Jama'a, yau na ga avoka, wato lauya, da ya zagi mutum a gaban idonshi bai sani ba!

Kawu Sani na ɗauko bisa moto daga Korgom zuwa Tasawa, ga rana, ga binciken sojoji a hanya. Lambunshi mai rijiya kaɗai ya riƙe gidan bana da ruwa ya ɗauke. To wani Alhaji ya ce filin nashi ne, har ya kai ƙara. Aka ce mana avoka ya zo daga Maraɗi, mu je mu gan shi ko zai tsaya mana.

Muka shiga biro, wato ofishin da avokan yake, muka yi sallama, bai amsa ba! Yana ta waya. Kawu ya miƙa hannu, shi ko ya nuna mana kujera da haɓa.

Da ya gama, ko sunanmu bai tambaya ba. Sai ya ce, "Zancen lambun Korgom ne ko? Ku kwantar da hankalinku. Tsohon nan baƙauye ne, bai san komai ba. Ku ce ma Alhaji kafin damina lambu ya zama nashi."

Innalillahi! Ashe avokan Alhaji ne!

Kawu ya gyara hula ya ce, "Ɗana, ni ne tsohon."

Sai ga mutum tsaye zumbur! "A'a Baba, ku tsaya! Kai, a kawo ruwa!"

Kawu ya miƙe. "Ka maimaita wannan magana gaban alƙali."

Har bakin titi ya biyo mu yana "Baba, Baba!" Kawu ko waiwaye bai yi ba. Jibi za a shiga shari'a, mu ba mu da avoka. Wallahi raina a ɓace yake!