Gidan Bindiga Ba Bindiga a Hanyar Tandabawi

Lahadi: daga gida zuwa Kano

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na bar gida. Maƙwabcina ne ya goya ni a babur zuwa tasha, jakata a kan cinyata, ni kuwa sai shafa ƙuguna nake yi kamar wanda ya manta bai sa wando ba. Kwana ɗaya kafin nan na miƙa ƙaramar bindigata a ɗakin ajiyar makamai na ofishinmu, na karɓi takardar hutun Umara. Shekara goma sha takwas ina aikin ɗan sandan farin kaya a ƙauyukan Funtuwa, kullum a kan babur, kuma ban saba fita babu wannan nauyi a gefen damana ba.

A ofishinmu mazhabobi biyu ne game da ɗaukar bindiga a kan babur. Ta farko ta Saja Garba ce. Shi a waje yake rataya tasa, a kan riga, wai don ɓarawon daji ya hango daga nesa ya sake shawara. Ta biyu tawa ce: a ɓoye ta. Mai tuƙa babur hannuwansa biyu suna kan kan babur, in ya nuna bindiga to ya nuna wa mutane wanda za su fara harbewa ne. Shekara tara muna wannan musu, kuma tunda har yau dukkanmu muna raye, kowa yana ganin shi ne mai gaskiya.

Bindigar ta hukuma ce, amma gidanta nawa ne. Wani baduku ya ɗinka mini shi da jar fatar akuya, haɗe da bel ɗinsa. Waɗanda suka riga ni zuwa sun ce mai harami yana buƙatar bel na saka waya da fasfo, na tambaya a kasuwa aka ce naira dubu bakwai. Na ga ba dalilin sayen abin da nake da shi. Wayata ta shige cikinsa tsaf. Da matata Hajara ta gan ni ina cusa shi a jaka ta ce, "Baban Usaina, wannan kuma a matsayin me zai je Makka?" Na ce gidan waya ne. Ta ce, "To, Allah ya sa su ma can haka za su gani."

Motar ta tashi shida da minti goma, naira dubu takwas kujera. Shingen bincike bakwai muka wuce ta Malumfashi da Gwarzo. A uku daga ciki an san ni, har da sara mini, direba ya riƙa kallona ta madubi da sabuwar daraja. Mun shiga Kano goma da rabi, na kwana gidan wani aboki a Kurna.

Litinin: Jidda, sannan Makka

Da harami muka shiga jirgi. Ya tashi takwas na safe, ya sauka Jidda wajen biyu da rabi na agogonsu. Da jakata ta fito na zaro bel ɗin na ɗaura, na rufa mayafin harami a kansa. Nan take ƙuguna ya dawo daidai, tafiyata ma ta canja.

Bas ta kwashe mu ƙarfe huɗu da minti ashirin. A shingen Shumaisi wani jami'i ya leƙo, ya ƙirga kawuna da ido, ya ɗaga hannu muka wuce. A matsayina na ɗan sana'a na raina wannan bincike, na ce a raina da ni ne sai kowa ya sauko. Kafin magariba muna masaukinmu a Misfala, mu huɗu a ɗaki, tafiyar minti ashirin da biyar a ƙafa zuwa Harami.

Ba zan iya ba ku labarin ganin Ka'aba ba. Na shirya addu'o'i tun daga gida, da na gan ta sai duk suka gudu, na tsaya ina kuka. Na yi ɗawafi, na yi sa'ayi, aka yi mini aski riyal goma. Duk wannan da bel ɗin a ƙarƙashin mayafi, babu wanda ya ko kalle ni. Na ƙara tabbata cewa mazhabata tana aiki har a ƙasar waje.

Talata da Laraba: Misfala

Kwana biyun nan daga masauki sai Harami. Da safe dafaffen wake da suke kira ful da gurasar tamis riyal shida, da rana tuwon shinkafa da miyar kuka wurin wata mata 'yar asalin Maraɗi da ke sayarwa a lungu, riyal goma malmala biyu. A nan Misfala na sayi farar jallabiya riyal ashirin da biyar. Mai shagon ya rantse irin ta sarakuna ce. Ba ta da nauyi ko kaɗan, in ka ɗaga ta a rana kana hango wanda ke ɗaya gefen.

Alhamis: Rusaifa

Ina da gwaggo a Makka, ƙanwar mahaifina, Gwaggo Asabe. Tana yarinya aka yi mata aure aka taho da ita ta Sudan, ba ta sake komawa ba. Mijinta ya rasu. Tana zaune a Rusaifa a hawa na biyu na wani tsohon bene, tare da ɗanta Hamza da matarsa da 'ya'yansu uku. Tasi ta kai ni riyal talatin, kuɗin da ya tsaya mini a rai har na gama hawa matakala.

Gwaggo ta kama fuskata da hannu biyu ta ce hancin yayanta ne sak. Ta tambayi mutanen da rabinsu sun daɗe a ƙasa, ina ba ta amsa tana share hawaye. Na ba ta kilishi da daddawa da kuka, aka kawo shinkafa buhari da kaza.

Hamza ya kai shekara talatin da biyar. A Makka aka haife shi, amma da takardar zama yake zaune, wadda suke kira iƙama. Aikinsa kai wa mutane abinci gida-gida a babur na wani kamfani, kuma da wannan babur mutum shida suke ci. Hausarsa ta Katsina ce da aka jiƙa da Larabci. Taubashina ne, ɗan mace, ni ɗan namiji, don haka tun kafin in wanke hannu na sanar da shi cewa bawana ne. Ya ce, "Ɗayyib, Yallaɓai. Bawa yana gaisuwa."

Uku saura kwata na miƙe don in sami la'asar a Harami. A ƙofar bene na ga babur ɗin, wankakke, da akwatinsa a baya. Kwana biyar rabona da hawa babur in ba goyon asuba ba. Ga kuma riyal talatin.

Na ce, "Kai ni Harami."

Ya ce, "La, Yallaɓai. Dabbab ɗin nan na sharika ne, babur ɗin kamfani, mamnu'i ne, an hana in ɗauki mutum. In suka kama, hajzi ne, su tafi da shi. Bari in tsayar maka da tasi, ni zan biya."

Na ce yaushe aka fara bawa yana yi wa ubangidansa musu. Gwaggo ta leƙo ta taga tana dariya ta ce, "Hamza, ɗan yayana ne fa. Kai shi ko rabin hanya." Ya dubi uwarsa, ya dube ni, ya ce zai sauke ni a Tandabawi in ƙarasa da ƙafa. Na san dokar aiki, na san abin da ake kira kama abin hawa, ni ma na sha kamawa. Amma na ga wasa ya yi daɗi, ban so in janye ba.

Ina ɗaga jallabiya zan hau sai ya hango bel ɗin. Fuskarsa ta canja.

"Wannan fa?"

"Gidan waya."

"Wallahi gidan musaddas ne, gidan bindiga. Yallaɓai, nan Makka ce, ko wuƙa ba a yawo da ita. Ka bar shi wurin Ummi."

Na ce fasfona yana ciki, ba na rabuwa da shi.

"To ka ɗaura shi a waje, kan jallabiya. Kowa ya ga kan waya ya leƙo. Halas."

Wato na yi tafiyar awa huɗu da rabi a sama don in tarar da almajirin Saja Garba a Rusaifa. Na gyara tsayuwa na yi masa karatu: abin da ido bai gani ba hankali ba ya tashi a kansa, na shekara goma sha takwas ina ɓoyewa, har ɗawafi na yi da shi. Ya saurare ni da ladabi har na gama, ya miƙo mini hular kwanonsa ɗaya tilo. Na ce ya riƙe abarsa.

Alhamis: Tandabawi

Daga Rusaifa zuwa Tandabawi bai fi kilomita uku ba. Abin da na manta shi ne a gida jaket mai kauri nake sawa a kan babur. Jallabiyar sarakuna kuwa, muna ɗaukar gudu iska ta manna ta a jikina, gidan bindigar ya fito raɗau da siffarsa, har wurin da kunama ke zama. Ina jin daɗin iska, ban ko duba ba.

Uku da minti biyar, a wata kwana, motar sintiri tana tsaye da jami'ai biyu. Babur biyu masu goyo sun wuce gabanmu ba a tsayar da su ba. Da muka zo, ƙaramin cikinsu ya kalli ƙuguna sau ɗaya ya tare hanya. Ya yi magana da Larabci, Hamza ya ce mini a hankali, "Fasfo yake so. Kada ka motsa, bari in..." Bai ƙarasa ba hannuna na dama ya riga ya shige ƙarƙashin riga, da saurin da na daɗe ina alfahari da shi.

Gaskiya sun iya aiki. Ban san lokacin da kuncina ya taɓa kwalta ba, kuma kwaltar Makka da ƙarfe uku ba abin kwanciya ba ce. Gwiwa a bayana, hannuwana a murɗe, Hamza a jingine da bango yana ta rantsuwa. Jami'in ya ɓalle gidan bindigar a hankali, ya zaro waya mai fasasshen gilashi, da fasfo, da rabin goro.

Awa uku muka yi a ofishinsu. An kira shugaban ayarinmu, an duba biza, aka samo mai fassara, wani dattijo Bahaushen Makka. Da babban jami'in ya ji aikina sai ya daɗe yana kallona. Ya ce a tambaye ni, in ni ne a bakin aiki na ga mutum da wannan kumburi a ƙarƙashin riga, me zan yi. Na ce abin da suka yi. Ya ce da a waje yake ana ganin waya, da yaronsa bai kalle mu sau biyu ba.

Ni baƙon Allah ne kuma ba makami, don haka suka sallame ni, har da ba ni ruwan sanyi. Suka mayar mini da gidan bindigata. Babur ɗin suka riƙe, tunda dai an tsayar da shi kuma an ga goyo, aka rubuta wa Hamza takarda. La'asar da magariba duk a ofishin muka yi su.

A waje na ce masa zan je kamfanin in yi bayani da kaina. Ya ce, "Da wane harshe, Yallaɓai?" Bai faɗa da zafi ba. Ya tsayar mini da tasi, kuma kafin in sa hannu a aljihu ya biya.

Juma'a zuwa Talata

Sauran kwanakin na yi su tsakanin Harami da kiran Hamza. Ranar Lahadi kamfanin ya karɓo babur ɗinsa ya ba wani. Hamza bai gaya mini ba, matarsa ce ta faɗa. Na tattara abin da na ware na tsaraba na kai wa Gwaggo, ta ture hannuna ta ce ba a yi haka da ita ba, ita ce ma ta ce ya kai ni. Na tura kuɗin ƙarƙashin dardumarta da za ni fita. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, kuma a ɗawafin bankwana ban roƙa wa kaina komai ba.

Laraba: komawa

Bas ɗin Jidda za ta tashi bakwai na safe. Shida da rabi Hamza ya iso Misfala, ya ɗauki babbar jakata a kafaɗa. Jirgi ya tashi ɗaya na rana, muka sauka Kano kafin la'asar ta wuce, na kwana Kurna, washegari sha ɗaya na safe ina ƙofar gida. Hajara ta buɗe jaka ta tarar da dabino da zamzam, ga kuma kuɗin nan da na tura ƙarƙashin dardumar Gwaggo, a ƙulle a leda, an cusa su cikin takalmina.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa shugaban ayarinmu, da dattijon da ya yi mini fassara ban ko tambayi sunansa ba, da Gwaggo Asabe. Hamza kuma ban san irin godiyar da ake yi masa ba. Yanzu yana sauke katan-katan a shagon surukinsa, ana ba shi abin da ya samu. Ranar da zan baro Misfala, sai da bas ta fara tafiya na tambaye shi ta taga yadda aka yi ya iso da sassafe haka. Ya ce tun bayan asuba ya taso daga Rusaifa, da ƙafa.