Hoton da Muka Ɗauko a Kasuwar Guci

Wataƙila na rikita wasu abubuwa, don gajiya ta yi mini yawa a tafiyar nan.

Mun tashi da asuba daga Damagaram, ni da abokina wanda ya ƙirƙiri wani ƙaramin harshe na rubuta umarni ga na'ura mai ƙwaƙwalwa, kalmominsa duk na Hausa. Masu wani furoje, wato shirin tallafi, sun ce za su tallafa masa in ya nuna akwai masu aiki da shi. Masu aiki da shi ɗin muka fita nema.

Har Magarya kwalta ce, gero ya yi kore dama da hagu. A can mushen lise, wato malamin sakandare, ya karɓe mu da fura mai sanyi, ya yaba aikin sosai, sannan ya ce abin da babu shi a jarrabawa ba zai koyar ba. Ɗaliban ma hutu suke, suna gona. Ina jin ya kamata mu san da haka tun a gida.

A Bande wani mai gyaran salula ya gwada, har ya yi dariya da ya ga na'ura ta fahimci "maimaita". Ya dubi abokina ya ce, "Malam, in ya ƙi aiki wa zan tambaya?"

"Ni."

"In ka samu aiki a Yamai fa?"

Abokina kuwa da ma yana neman aikin.

Guci muka shiga ranar kasuwa bisa kabu-kabu, taɓo har gwiwa. Muna buɗe na'ura samari suka kewaye mu, zuciyata ta yi fari. Ashe batirinmu suka gani, caji suke so. Ɗaya ya miƙo wayarsa a sa masa harshen, sai a lokacin muka tuna ba ya aiki a waya. Duk da haka na ɗaga hannu na ɗauki hoto, kai ka ce aji ne.

A mota muna komowa na yi ta kallon hoton, kunya ta kama ni. Ba mu aika shi ba. Mun gaya wa masu furojen gaskiya, suka ce mu dawo in mun samu jama'a. Jama'a kuma, in na fahimta daidai, suna jiran su ga wanda ya tsaya wa abin. Mun gina shi ba mu tambayi kowa me ke hannunsa ba.

Wanda ya gan mu a hanya, in na kuskure ya aiko mini da gyara, musamman samarin Guci da na ɗauka ban nemi izininsu ba.