Gahawar Uwata, Suyar Hannuna

Ban daɗe da sauka daga goyo ba iyayena suka kama hanyar Makka a ƙasa, suka bar ni hannun kakata a Madarumfa. Na yi wayo, na yi aure, na haihu, kakata ta rasu, duk ba su dawo ba. Labari ɗaya ya taɓa iso mu, cewa mahaifina ya cika a hanya, ita kuma mahaifiyata ta sauke farali, ta zauna ƙasar Sudan tana tsinkar auduga tare da ɗan da ta haifa can. Bayan yaƙin Nasara da 'yan shekaru, ana tsakiyar damina, sai ga wata doguwar mata lulluɓe da farin mayafi ta sauko daga kamiyo, babbar motar da ke zuwa daga Maraɗi, tana tambayar gidan mijina. Aka ce mini in fito, ga uwata.

Na fito na gaishe ta kamar yadda ake gaida baƙuwa, don ban san wata gaisuwar ba. Kowa Hajiya yake ce mata, ni ma na bi sahu. Ita kuwa ko kallona ba ta yi ba. Ni ce 'yar farinta, kuma a wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa magana kai tsaye, balle ta nuna tana sonsa. Na san al'adar sarai, amma raina ya ɓaci. Mace ta bar ki tun ba ki iya ɗaura zane ba, ta dawo ta iske ki da 'ya'ya, kuma abin da ta fara kawo miki shi ne kunya! Idan tana son ruwa, sai ta dubi bango ta ce, "Ko akwai ruwa gidan ga?" Ni kuma in kawo in dangwarar.

Tun a makon farko na ji tana gaya wa maƙwabciyarmu cewa ganin gida kawai ta zo yi. Akwai wasu mutanen garin Gabi da za su tashi gabas bayan kaka, da su za ta koma wurin ɗanta. Na yi kamar ban ji ba, na ci gaba da daka, amma ranar nan turmi ya ji a jikinsa. Ban san ta ba, ban san ko ina sonta ba, amma na san ba na son a sake bari na.

Cikin tsarabarta akwai wani buhu ƙarami na 'ya'yan itace masu tauri, kore-kore, kowanne da tsaga a ciki. Ta ɗebi tafi guda ta ajiye bakin murhuna. Ni kuwa na ɗauka waken gabas ne. Na wanke, na zuba kanwa, na ɗora tun hantsi. Azahar ta yi yana nan kamar tsakuwa, ruwan ya koma kore, gida ya ɗauki wani wari kamar jiƙaƙƙen kara. Hajiya ta leƙa tukunya, ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Wannan ce dariyarta ta farko da na gani, kuma ni ake yi wa.

Washegari ta nuna abin da ake yi da shi, ita ce gahawa. Bayan sallar asuba, rana ta ɗan ɗago, sai ta hura gawayi, ta zuba 'ya'yan a wani ɗan kaskon ƙarfe tana kaɗawa har suka yi baƙi ƙirin suna ƙyalli. Ta daka da citta mai yawa, ta dafa a wata 'yar butar ƙasa mai dogon wuya da take kira jabana. Ta zuba a finjali biyu, ta tura ɗaya gefen da nake tsintar gero, tana kallon wani wuri. Na kurɓa. Wallahi maɗaci ya fi ta sauƙi. Ni kuma Allah bai ba ni fuskar ɓoye abu ba, duk abin da ke bakina yana goshina. Na haɗiye da kyar, na ce a raina matar nan ta zo ne ta ƙarasa ni.

Mijina, mutum ne mai son zaman lafiya, da aka zuba masa ya shanye tasa yana cewa, "Madalla, Hajiya, abin ga akwai daɗi," sannan ya ɗauki komarsa ta kamun kifi ya nufi tabki da sauri, na tabbata kurkure baki zai fara yi.

Kullum da safe finjalin nan sai ya zo gefena, kullum sai na sha, don ba a mayar wa babba hannu. Can wata safiya na ji ɗacin ya ragu. Na saci kallon kasko, sai na ga 'ya'yan ba su kai baƙin da ba. Bayan kwanaki suka koma ja. Daga nan Hajiya ta wuce gona da iri, ta riƙa sauke su tun suna fari-fari, gahawar ta fito da tsami da gafi irin na ɗanyar gyaɗa. Na yamutsa fuska fiye da da. Washegari ta koma baƙi. Haka muka yi ta yi, ita tana lilo tsakanin ƙonanne da ɗanye, ni ina amsa mata da goshi.

Ranar da na gane abin da ke faruwa, ina juya gyaɗa ne a kasko, don sana'ata ke nan, mai da ƙuli-ƙuli. Na waiga na ga Hajiya tana shan tata gahawar, irin ɗanyar nan mai tsami, tana haɗiya kamar magani. Matar da ta shekara da shekaru tana shan ta baƙa ƙirin! Buhun da ta ɗauko tun daga gabas ya kusa rabi, duk ta ƙarar wajen neman abin da bakina ke so, alhali kalma ɗaya ta isa, ita ce kuma ba za ta iya furtawa ba. Tausayinta ya kama ni, haushi kuma ya biyo baya, don gero ya riga ya fara shiga rumbu, mu kuwa muna nan muna wasan kurame.

Da safe ta hura gawayi, ta kwance bakin buhu. Na taso na durƙusa gabanta na janye buhun. Ta ɗago a firgice. Ban taɓa kaskon ƙarfenta ba, shi ne ke ƙone bayan ƙwaya ciki bai nuna ba. Na ɗora nawa na ƙasa, na zuba rairayin bakin tabki da nake suyar gyaɗa da shi, na bari ya yi zafi, sannan na juye tafi biyu a ciki.

"La ilaha illallahu," in ji Hajiya, tana kallon sama. "Yau gahawa ta shiga ƙasa da ranta."

Na yi banza da ita, na yi ta juyawa. Da farko warin ciyawa ya tashi, sannan ƙamshi kamar na gurasa. Na tsamo kaɗan na tauna, gafi ne, na tofar. Suka fara ƙara, ƙas-ƙas, kamar dawa a wuta. Na tsamo na tauna, akwai sauran tsami. Da ƙarar ta lafa, launin ya kai na ƙuli-ƙulin da ya soyu bai ƙone ba, kuma maiƙo bai fito a jikinsu ba. Na tauna ɗaya, sai na ji ɗaci kaɗan a gaba, wani garɗi yana bin bayansa. Nan na sauke. Na tankaɗe rairayin, na sheƙe a faifai har sau nawa, na daka, na sa citta 'yar kaɗan. Dafuwar dai na bar mata, don ban san kan jabana ba.

Kurɓar farko na san na samu. Gumi ya tsattsafo mini, na ji har cikin kunnuwana. Ban taɓa zaɓar wani abu don kaina ba sai ranar. Tuwo yadda mai gida ke so, fura yadda yara ke so, ƙuli-ƙuli yadda masu saye ke so. Wannan kuwa tawa ce, ni na tsayar da ita inda na ga dama. Na ajiye finjali, na dubi kasko, tunda a gidan nan da kayan aiki ake magana.

"Kasko," na ce, "ka hwaɗa ma mai jabana, haka nike son ta. Ba baƙa ba, ba ɗanya ba. In hayaniyarta ta kwanta, a sauke."

Hajiya ta riƙa juya finjalinta. Na riga na buɗe baki, ni kuma in na fara ba na tsayawa rabi.

"Ka ƙara hwaɗa mata, an tahi an bar ni sau guda, ya isa. Ɗanta na gabas ya sha nono, ya sha hira, ya san muryarta. Ni mi na samu? Yanzu lokacina ne. Ban yarda ta tahi ba."

Na yi zaton za ta tashi ta shige ɗaki. Sai ta ɗaga finjali ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta haɗiye. Hawaye na bin kuncinta, ba ta share ba. Ta dubi kasko ita ma.

"Kasko, mai suya da kai ta cika baki. Gahawar ga ta yara ce, ba ta da ƙarhi." Ta sake kurɓa. "Amma a ƙaro."

Na ƙara mata, ta shanye, aka sake ƙarawa. Daga ranar suya ta dawo hannuna. Nakan sauke tawa in ƙarar ta lafa, in bar tata cikin rairayi ta ƙara duhu har ta fara ƙyalli, kowa da tasa. Ta yi ta mita wai na lalata mata baki, ni ma ina mita wai tana shan gawayi, duk ta bakin kasko. Maganar tafiya kuwa ba ta sake tada ta ba, ba ta kuma ce ta fasa ba. Na zauna cikin zullumi, duk sallamar da aka yi a ƙofar gida sai in ɗauka masu tafiya ne suka zo ɗaukarta.

Da aka gama ɗaurin dawa, jagoran mutanen Gabi ya zo, wani dattijo mai jan gemu. Mijina ya shigo da shi tsakar gida, aka shimfiɗa tabarma. Na soya gahawa, Hajiya ta dafa ta zuba masa. Ya sha ya yi santi, sannan ya gyara murya.

"Hajiya, mun sa rana. Ki ɗaure kayanki, ke ce kika san hanya, da ke muka dogara."

Na tsaya bakin murhu da faifai a hannu, na kasa kunne. Hajiya ta kwatanta masa hanya tiryan-tiryan, inda ake samun ruwa, inda ake tsayawa a yi aiki a sami guzuri, da unguwar da zai iske ɗanta. Ta kwance wani ƙulli ta ba shi carbi da hula ya kai masa.

"Ka ce mishi ina lahiya, ina sa mishi albarka. In yana son ganina, ƙahwata ta taka hanyar ga, tashi ma ta iya."

"To ke hwa, Hajiya?"

"Ni na zo gida, malam. Ina da ɗiya nan. Ba ta gama rena ni ba tukuna."

Ban san lokacin da guɗa ta kuɓuce mini ba, a gaban baƙo, a gaban mijina, har maƙwabta suka leƙo ta kan darni suna tambaya ko haihuwa aka yi. Na ce musu i, ni aka haifa.